Kofin ACC na ƙwallon maza: a bar shi, amma a rage masu shiga

A farkon Nuwamba, da zarar an kammala wasannin mako-mako, jami'o'in Amurka da ke haɗakar ACC (Atlantic Coast Conference) sukan ajiye teburin maki gefe guda su shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale. Wadda ta ɗaga kofi ita ake kira zakarar haɗaka a ƙwallon ƙafa na maza, ita ce kuma ke karɓar tikitin kai-tsaye zuwa gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Tun 1987 ake wannan gasa. A ganina an fara ta a lokacin da babu wata buƙatarta, ta zo ta zama dole daga baya, sai kuma aka cika ta da jama'a har ta fara cinye amfanin kanta. A 2024 jami'o'i 15 ne ke buga ƙwallon maza a ACC, duka 15 ɗin kuma suka shiga gasar kofi. Wannan kuskure ne, kuma tarihin gasar kansa ya nuna inda ya kamata a tsaya.

Ga wanda ya saba da ƙwallon Turai, sai an ɗan yi bayani. Wasannin jami'o'i a Amurka ba su da rukuni guda da kowa ke karawa da kowa. Jami'o'i kan haɗu su kafa haɗakarsu, su tsara wasanninsu, su sayar wa gidajen talabijin damar nuna su, su raba kuɗin. An kafa ACC a 1953, da jami'o'in gabar tekun Atlantika. Babu hawa rukuni, babu faɗuwa. Abin da kowa ke hari shi ne gasar ƙasa, wadda aka fara a 1959, take kuma ɗaukar ƙungiyoyi 48 tun 2001. Gurabe ashirin da 'yan kai na zakarun haɗaka ne, sauran kuma kwamiti ne ke zaɓa bisa abin da ƙungiya ta yi a kaka.

Fiye da shekara talatin ACC ta yi tana naɗa zakara ba tare da kofi ba. Wanda ya ƙare a saman teburi shi ne zakara, magana ta ƙare. Maryland ce ta mamaye shekarun 1950 da 1960, sannan Clemson ta karɓa a ƙarƙashin koci I. M. Ibrahim, haifaffen Haifa, ta ci sau takwas a jere daga 1972 zuwa 1979. Ibrahim ya gina wannan ƙungiya da 'yan wasan da ya ɗauko daga ƙetare, cikinsu har da 'yan Najeriya irin su Godwin Ogbueze da Christian Nwokocha da Nnamdi Nwokocha. Babu wanda ya ce waɗancan nasarori ba su cika ba don babu wasan ƙarshe. Ko a shekarun 1980 jami'o'i bakwai ne kacal ke bugawa: Clemson, Duke, Maryland, North Carolina, NC State, Virginia da Wake Forest. Wasa shida kowa zai yi, ya haɗu da kowa sau ɗaya. Irin wannan teburi ba ya ƙarya sosai.

To me ya kawo kofi? Al'adar daga ƙwallon kwando ta fito. Tun 1954 ACC ke rufe kakar kwando da gasar sili-ɗaya-ƙwale, kuma a can abin rai da mutuwa ne, domin a lokacin ƙungiya ɗaya tak kowace haɗaka ke turawa gasar ƙasa. A 1974 NC State ta doke Maryland da ci 103 da 100 bayan ƙarin lokaci, Maryland ta zauna a gida duk da tana cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar, sai a shekara mai zuwa aka sassauta dokar. Wannan gasa ta zama bikin shekara a jihar North Carolina, saboda haka da ƙwallon ƙafa ya fara tara 'yan kallo, Clemson ta ci kofin ƙasa a 1984, Duke ta ci a 1986, sai aka ɗinka masa riga irin ta kwando.

Gasar farko ma ta tona asirin kanta. North Carolina, a ƙarƙashin koci Anson Dorrance, ta ɗauki kofin ACC na 1987. Clemson kuwa kakarta a cikin haɗaka ba ta yi armashi ba, da zaɓin kwamiti ta shiga gasar ƙasa. Bayan 'yan makonni sai ga su sun haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa a Riggs, filin Clemson, Clemson ta lallasa North Carolina da ci 4 da 1, ta doke San Diego State 2 da nema ta zama zakarar ƙasa.

Haka abin ya ci gaba da tafiya. Daga 1987 zuwa 2023 jami'o'in ACC sun ci kofin ƙasa sau 17, idan aka haɗa da wanda Virginia ta raba da Santa Clara a 1989. Sau tara ne kawai zakarar ƙasar ta kasance ita ce ta ci kofin ACC a shekarar: Virginia sau huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994, Maryland a 2008, Virginia a 2009, North Carolina a 2011, Syracuse a 2022, Clemson a 2023. Sau takwas kuwa wata ce ta ɗaga kofin haɗaka, wata daban ta ɗaga na ƙasa. Huɗu daga cikin taran nan ma na Virginia ta koci Bruce Arena ce, wadda ta yi zamani da irin su Claudio Reyna, ƙungiyar da ko wane irin tsari aka shimfiɗa mata za ta ci. Ta ɗauki kofin ACC sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, kuma a jimilla Virginia na da 11, ta fi kowa. Amma ko a 1995 ɗin, Duke ce, maƙwabciyarta a haɗaka, ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa. Idan ka cire waɗannan huɗun na Arena, lissafin ya koma biyar da takwas.

Shekarar 2007 ta fi kowace ban tausayi. Boston College, wadda ta shigo ACC a 2005, ta zo ta ɗaya a teburi, ta doke Wake Forest a wasan ƙarshe na kofi, aka ba ta matsayi na ɗaya a duk ƙasar. Wasanta na farko a gasar ƙasa, a filinta, Massachusetts ta yi waje da ita. Wake Forest da aka doke ita ta tafi ta ɗauki kofin ƙasa. A 2013 Virginia ta fitar da Notre Dame a bugun fenariti a gasar ACC, Maryland ta ɗauki kofin, sannan Notre Dame ta doke Maryland 2 da 1 a wasan ƙarshe na ƙasa. A 2018 Louisville ta ci kofin ACC, Michigan State ta kore ta a wasanta na farko na gasar ƙasa. A 2021 Notre Dame ta ɗaga kofin haɗaka, Clemson ta fitar da ita a fenariti a gasar ƙasa ta wuce ta doke Washington a wasan ƙarshe. Ba ina cewa cin kofin ACC ne ke karya ƙungiya ba, domin ƙwallon sili-ɗaya-ƙwale dama haka yake, kuma tara cikin 17 ba ƙaramin abu ba ne. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne kofin nan bai zama sharaɗin komai ba ga manyan ƙungiyoyi. Stanford ta ci kofin ƙasa sau uku a jere, 2015 da 2016 da 2017, daga haɗakar Pac-12 wadda ba ta gasar kofi sam.

Idan haka ne, me ya sa ban ce a soke ta ba? Saboda teburin da ke faɗin gaskiya a 1987 ya daina. Virginia Tech ta shigo a 2004, Boston College a 2005, Syracuse da Pittsburgh da Notre Dame a 2013. Maryland ta fice zuwa haɗakar Big Ten a 2014, Louisville ta maye gurbinta, adadin ya tsaya a 12. A 2024 Stanford da jami'ar Kaliforniya ta Berkeley da SMU ta Dallas suka shigo, aka zama 15. Duk wannan shige da fice kuɗin talabijin na ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ne ya jawo shi, ba wanda ya tambayi kociyoyin ƙwallon ƙafa. Wasannin haɗaka kuwa takwas ne kowace ƙungiya ke yi. Da ana 12, kana da abokan hamayya 11, uku ba za ka gamu da su ba. Da aka zama 15, shida cikin 14 ba za ka gan su ba a shekarar. Ƙungiyar da jadawali ya kauce mata daga Clemson da Wake Forest da Stanford, da wadda ta je gidajensu duka ukun, makinsu ba a ma'auni ɗaya aka auna shi ba. Masu bin gasar Najeriya sun san wannan matsala: a 2019 da aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu, dole aka tara shida na sama a Legas kafin a san zakara, Enyimba ta ɗauka, Kano Pillars ta zo ta biyu. Duk inda kowa bai kara da kowa ba, sai an nemi filin da za a raba gardama. Wannan ne aikin kofin ACC a yau, kuma aiki ne na gaske.

Raba gardama kuwa tsakanin masu gardama ake yinsa. Ƙungiyar da ta zo ta 14 ko ta 15 bayan wasa takwas ba jadawali ne ya zalunce ta ba. Idan kowa zai shiga, wasannin Satumba da Oktoba sun koma neman matsayi kawai da neman buga zagayen farko a gida.

Ga kuma farashin abin a jikin yara. Kakar ƙwallon jami'o'i daga ƙarshen Agusta take farawa zuwa farkon Nuwamba, wasa 16 zuwa 18 cikin mako goma ko sha ɗaya. Yawancin makonni wasa biyu ne, na haɗaka ranar Juma'a, na waje ranar Talata, ga aji, ga jarrabawa, ga jirgi. Masana lafiyar 'yan wasa sun daɗe suna cewa a bar aƙalla sa'o'i 72 tsakanin wasa da wasa, domin tsokar bayan cinya da ta matsematsi ba sa komawa daidai kafin nan, kuma gajiyayyar tsoka ita ce ke yagewa a gudun minti na 80. Tsohon tsarin kofin ACC, lokacin da ake tara kowa a gari guda, ya taka wannan ƙa'ida ƙiri-ƙiri: zagayen 'yan takwas Laraba, kusa da na ƙarshe Juma'a, na ƙarshe Lahadi. Wasa uku cikin kwana biyar, kowanne yana iya zarcewa ƙarin lokaci na minti 20. Abin da ya sa ake iya jurewa shi ne dokar canji ta jami'o'i, wadda a lokacin take barin koci ya yi ta canja 'yan wasa, wanda aka cire ma ya dawo. Da wannan dokar koci kan juya mutum 18 ko 20, a yi ta dogon bugu da matsa lamba, ƙwallon ya zama tsere. A 2024 an taƙaita damar canjin a babban rukunin maza zuwa lokuta shida a wasa. Gyara ne mai kyau ga ingancin ƙwallo, amma ma'anarsa ita ce manyan 'yan wasa za su ƙara daɗewa a fili, a cikin jadawalin da ba a sassauta ba.

Tsarin 2024 ya fi na da numfashi. Ta ɗaya a teburi ta huta zagayen farko, sauran 14 suka kara ranar Laraba a gidan wadda ta fi matsayi, zagayen 'yan takwas ranar Lahadi, sannan aka koma filin WakeMed da ke garin Cary a jihar North Carolina, kusa da na ƙarshe Alhamis, na ƙarshe Lahadi. Wake Forest ta doke Clemson a fenariti a wasan ƙarshe. Ke nan wasa huɗu cikin kwana 12 ga duk wadda ta kai ƙarshe ba tare da hutun farko ba. Washegari Litinin kwamiti ya fitar da jadawalin ƙasa, Alhamis aka fara. Ƙungiyoyi 16 na sama ne kawai ke tsallake zagayen farko su jira Lahadi. Ka ɗora wa wannan tafiyar Stanford ko Berkeley zuwa gabas, kusan kilomita 4,000 da bambancin agogo na sa'a uku, saboda wasan Laraba da aka san abokin karawarsa kwanaki kaɗan kafin nan. Ɗalibi ya rasa darasin kwana uku a tsakiyar zango don a tabbatar da abin da teburi ya riga ya faɗa.

Masu kare tsarin kowa-ya-shiga suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko lissafi ce. Kwamitin zaɓe na dogara da ma'aunin RPI, inda kashi 25 cikin ɗari sakamakon ƙungiya ne, kashi 50 sakamakon waɗanda ta kara da su, kashi 25 kuma na waɗanda su suka kara da su. A haɗaka mai ƙarfi, ƙarin wasa da ɗan gida na ɗaga ma'aunin ko da ba ka ci ba, wasan da ya ƙare a fenariti kuma canjaras ake rubuta shi. Don haka zagayen farko wata hanya ce ta tura ƙungiya ta tara ko ta goma cikin gasar ƙasa. A 2019 jami'o'in ACC goma cikin 12 suka samu gurbi, a 2024 tara cikin 15. Hujja ta biyu ita ce doka ta hana kwamiti zaɓar ƙungiyar da rashin nasararta ya fi nasararta yawa, saboda haka kofi ne kaɗai ƙofar da ta rage wa na ƙasan teburi. Ta uku, tashar ACC Network da aka buɗe a 2019 tana son wasannin da za ta nuna.

Hujjar RPI ita ce mafi nauyi, amma amsarta na cikinta. Idan abin da ake so shi ne ƙarin wasa tsakanin 'yan gida, a mayar da ranar zagayen farko ta zama wasan haɗaka na tara. Ma'aunin zai ɗagu kamar yadda yake ɗaguwa, tashar za ta samu wasanta, teburi zai ƙara kusantar gaskiya, kuma tun bazara kowa ya san inda zai je, a sayi tikitin jirgi da wuri, a sanar da malamai. Da adadi 15 dole ɗaya ta rage babu abokin karawa, wannan ƙaramin lissafi ne da masu tsara jadawali ke iya warwarewa. Hujjar ƙofar ƙarshe kuwa tausayi ce, kuma ban ga dalilin da zai sa haɗakar da ke tura tara ko goma ta buƙaci wata ƙofar baya ga wadda ta sha kashi fiye da yadda ta ci ba.

Nawa ya kamata su shiga? Huɗu sun yi kaɗan. Haɗakar Ivy, wadda ta fara kofin ƙwallon ƙafa a 2023, huɗu take ɗauka cikin takwas, amma a can kowa na karawa da kowa. A ACC tarihi ya ba da amsa: Virginia ta 2009 da Wake Forest ta 2024 a matsayi na biyar suka shiga suka ci, Syracuse ta 2015 kuma a matsayi na bakwai ta shiga, ta tsallake zagaye huɗu, ta bi Notre Dame har gida ta doke ta a wasan ƙarshe, sannan ta kai kusa da na ƙarshe a gasar ƙasa. Wannan ƙungiya ce ta gaske da teburi ya rage wa daraja. Saboda haka takwas. Zagaye uku, babu wanda ke hutawa, babu wanda zai buga huɗu. Zagayen 'yan takwas a gidan mai matsayi a ƙarshen mako, kusa da na ƙarshe shi ma a gidan mai matsayi a tsakiyar mako, na ƙarshe ranar Asabar ko Lahadi, da cikakkun kwana uku a tsakani. Filin jami'a da ɗalibai suka cika bayan raga ya fi filin Cary a yammacin Alhamis, inda sai wanda ya iya barin aji da aiki yake zuwa. Wasan ƙarshe kaɗai ya cancanci filin da ba na kowa ba.

Inda kofin haɗaka ke yanke hukunci mai zafi na gaske ba a ACC ba ne. A ƙananan haɗakoki, masu samun gurbi ɗaya tak a yawancin shekaru, ƙungiya kan yi wata biyu da rabi tana kan gaba, a fitar da ita a fenariti, kakarta ta ƙare a nan. Tun da aka dawo da ƙwallon zinare, wato ƙwallon farko a ƙarin lokaci ya ƙare wasa, a wasannin bayan kaka a 2024, kuskuren mai tsaron gida sau ɗaya a ƙarin lokaci ya isa. Duk da haka ba zan ce su soke ba. Vermont ta ɗauki kofin haɗakar America East a 2024, ta shiga gasar ƙasa ba ta cikin 16 na sama, ta doke Marshall 2 da 1 da ƙwallon zinare ta zama zakara. Abin da ya dace da irin waɗannan shi ne huɗu na sama kawai, duk wasanni a gidan ta ɗaya, don wahalar wata biyu ta saya mata wani abu da za a gani.

Tushen matsalar duka shi ne cusa kaka guda cikin zangon karatu ɗaya. Sasho Cirovski, kocin Maryland, ya yi shekaru yana jagorantar kiran a raba kakar gida biyu, rabi daga Agusta zuwa Nuwamba, rabi bayan sanyi, wasa ɗaya a mako, a kammala gasar ƙasa a wajajen Mayu ko Yuni. An shirya ƙuri'a a kansa a 2020, annobar korona ta ɗage ta. Annobar ce kuma ta tilasta wani abu mai kama da shi: ACC ta buga kofinta a Nuwamban 2020, Clemson ta doke Pittsburgh, aka ci gaba da wasa a farkon 2021, aka yi gasar ƙasa da ƙungiyoyi 36, Marshall ta ɗauka a watan Mayu. A irin wannan kaka mai faɗi, wasa ɗaya a mako, ACC na iya buga wasannin haɗaka 14, kowa da kowa, kuma a lokacin sai a sake tambayar ko ana buƙatar kofin gaba ɗaya. Wannan sauyi sai hukumar ƙasa ta amince. Rage masu shiga daga 15 zuwa takwas kuwa ba ya jiran kowa, daraktocin wasannin jami'o'in ACC na iya yanke shi a zama guda.